Lambobin Yabon Mazan Jiya, Daga Gulbin Maraɗi Zuwa Gidajen Gwanjon Turai

Ɗaya daga cikin lambobin yabon da Faransa ta fi rataya wa sojojinta na ƙasashen da ta mallaka ita ce wadda ake kira Médaille coloniale, kuma an ƙirƙiro ta a 1893. Azurfa ce zagayayya, faɗinta santimita 3. A fuska ɗaya akwai kan mace sanye da hular ƙarfe, alamar Jamhuriyar Faransa, a ɗaya fuskar kuma hoton duniya a bisa tarin makamai. Ƙyallen da ake rataye ta da shi shuɗi ne mai haske da ratsin fari, kuma a kansa ake maƙala wani siririn ƙarfe mai ɗauke da sunan ƙasar da aka yi yaƙin: Sahara, Tchad, Afrique occidentale française, Madagascar, Extrême-Orient. Sojan da ya daɗe cikin kaki yana iya tara irin waɗannan maƙalai uku ko huɗu, ɗaya bisa ɗaya. Amma duk yadda ka juya ta, gaba da baya da gefe, ba za ka ga sunan mutumin da ya zubar da gumi da jini a kanta ba. Faransa ba ta saba buga suna a jikin lambobinta ba. Sunan yana cikin takardar shaida da littafin soja, su kuwa takardu ba su da ƙarkon azurfa.

Da ka tsallaka iyaka daga Ɗan Isa zuwa Jibiya, al'adar ta canza. Turawan Ingila sun fitar da tasu lambar ta yaƙe-yaƙen Afirka a 1902, wato Africa General Service Medal, mai ƙyalle rawaya da baƙin gefe da siraran layuka kore guda biyu. A bakin kowace ɗaya an buga lambar rajistar sojan da muƙaminsa da sunansa da rundunarsa. Magatakardan soja kan rubuta sunan mutum haɗe da garin da ya ce ya fito, wane Kano, wane Katsina, wane Bauci, wane Zariya. Wannan ɗan rubutu ne ya sa yau masu tara tsofaffin lambobi suke rububinsu a gidajen gwanjo na Landan irin su Spink da Noonans, domin mai saye yana iya zuwa ma'ajiyar tarihin Ingila da ke Kew ya buɗe rajistar rabon lambobi ya tabbatar cewa mai wannan suna ya halarci yaƙin da maƙalin ya ambata. Ta Faransa kuwa, idan ta rabu da takardarta, araha take yi a kasuwar tsofaffin kaya ta Faris, don babu mai iya cewa ga ƙirjin da ta taɓa hawa.

Mutanen Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa suna zaune a tsakiyar waɗannan al'adu biyu, kuma 'ya'yansu sun sa kakin ɓangarorin biyu. Labarinsu ya cancanci a bi shi daga tushe, da daɗinsa da ɗacinsa.

Ba Nasara ne ya koya wa wannan kwari yaƙi ba. Garuruwan nan yaƙi ne ya haife su. Bayan Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi gudun hijira, har Ɗan Kasawa ya zo ya kafa mulkinsa a Maraɗi wajejen 1819. A 1836 aka gwabza a Gawakuke, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi galaba, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda suka kwanta dama. Daga tokar wannan rana ce Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri, tafiyar ɗan lokaci kaɗan daga Maraɗi, garuruwan biyu suka jingina da juna. Shekaru da dama bayan haka dawakin Maraɗi da na Gobir ba su huta ba, musamman a zamanin Ɗan Baskore, wanda hare-harensa suka kai cikin Zamfara da ƙasar Katsina har suka taɓa ƙasar Kano.

A wancan tsari akwai sakayyar jarumta, kuma kowa ya san yadda take. Wanda ya yi abin a zo a gani a fagen fama, sarki kan ba shi doki ko riga ko alkyabba, a ba shi kaso mai tsoka cikin ganima, wani lokaci a naɗa masa rawani. Maroƙa su sa sunansa cikin kirari tare da na ubansa da na garinsu. Ƙaura da barade da 'yan lifida da 'yan baka, kowa da matsayinsa. Abin lura shi ne, yabon ba ya rabuwa da mai shi. Ba a iya sayar da kirari a kasuwa, kuma ba a iya yi wa mutum shi ba tare da an kira sunansa ba. Ba ina ƙawata waɗancan yaƙe-yaƙe ba ne, don sun kama bayi sun tashi garuruwa. Ina nuna bambancin da ke tsakanin yabon da mutanenka suka yi maka da wanda baƙo ya aiko maka daga wata ƙasa, an buga dubbai iri ɗaya a ma'aikata.

Lambobin farko da suka shafi wannan ƙasa, na cin ta ne. Wannan magana ba ta da daɗin ji, amma ita ce gaskiya. A farkon 1899 ayarin Kyaftin Paul Voulet da Kyaftin Julien Chanoine ya baro bakin kogin Kwara ya nufo gabas, da umarnin ya kai tafkin Cadi. Turawan da ke cikinsa ba su kai 10 ba. Sauran duk baƙar fata ne: sojojin da Faransa ta kira tirailleurs sénégalais, rundunar da Gwamna Faidherbe ya kafa a 1857, da ɗaruruwan 'yan taimako da aka ɗebo akasari daga yankin Bambara, da 'yan dako da aka ɗaure da igiya, da mata da aka kamo a hanya. A watan Afrilu suka afka wa Lugu, garin Sarauniya Mangu. A watan Mayu suka yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba. Daga nan suka ratso ƙasar Gobir, Tsibiri na cikin garuruwan da suka ɗanɗana, suka bi ta Koran Kalgo suka nufi ƙasar Tasawa. Laftanar-Kanar Klobb, wanda aka turo daga Tumbutu ya karɓe ragamar ayarin, bai buƙaci ɗan jagora ba, ƙonannun garuruwa da gawarwaki ne suka nuna masa hanya. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe shi kusa da Dankori. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojin da kansu suka juya wa shugabanninsu baya, suka kashe Chanoine sannan Voulet a wajejen Maijirgi.

Ayarin bai watse ba. Ragowarsa ya ci Damagaram a ƙarshen Yuli, hafsoshi Joalland da Meynier suka wuce da wani sashe zuwa Cadi, suka haɗu da wasu ayarorin Faransa, na Foureau da Lamy da na Gentil, aka yi yaƙin Kusuri ranar 22 ga Afrilu 1900, inda Rabe mai mulkin Barno da Lamy suka mutu rana ɗaya. An rufe binciken ta'asar a Faris ba tare da an gurfanar da kowa ba, Joalland da Meynier kuma daga baya duk suka zama janar-janar. Maƙalan Médaille coloniale masu rubutun Tchad da Mission saharienne da Afrique occidentale française na farko-farko, daga waɗannan shekaru suka fito. Mai tara lambobi a Turai yana ganin ƙwazon masu ratsa hamada. Bagobiri idan ya san tarihinsa, rijiyoyin da aka cika da gawa yake gani.

A kudu ma haka abin yake. Tun 1863 Kyaftin John Glover ya fara tara Hausawa a Legas, da yawansu bayi ne da suka gudo, ya mai da su 'yan bindiga. Daga wannan iri ne rundunar West African Frontier Force ta tsiro a 1897 ƙarƙashin Lugga, kuma da Hausa ake ba da umarni a cikinta. Su ne suka fasa ganuwar Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, suka shiga Sakkwato ranar 15 ga Maris, suka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi inda ya yi shahada ranar 27 ga Yuli. Maƙalin da aka ba su yana ɗauke da rubutun N. Nigeria 1903. A Kwatarkwashi, inda mahayan Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka yi ta kai hari kan wata 'yar runduna, Laftana Wallace Wright ya samu Victoria Cross, lamba mafi girma a Ingila. Mutum 44 ne suka tsaya tare da shi da wani hafsa ɗaya, amma sunan da littattafai suka riƙe nasa ne. Akwai kuma maƙalin N. Nigeria 1906, wanda ya haɗa da Satiru. A watan Fabrairun wannan shekara talakawan Satiru, tare da Malam Shu'aibu Ɗan Makaho da ya gudo daga ɓangaren Faransa, suka kashe Turawa 3 da sojoji 25. Ranar 10 ga Maris aka dawo musu da bindigogi masu aman wuta, aka kashe kimanin mutum 2,000, aka shafe garin. Wannan maƙali ma ana cinikinsa a gwanjo, kuma a bakin lambobin da yawa sunayen Hausawa ne.

To ina za mu ajiye waɗannan sojoji? Ni dai ban yarda a wanke su ba, kuma ban yarda a tofa musu yawu a wuce ba. Akasarinsu mutane ne da ƙasarsu ta riga ta tozarta su: bawa da ya tsinke igiya, ɗan da aka kamo a hari, talakan da yunwa ta koro. Kaki ya ba su abinci da albashi da wani irin mutunci da ba su taɓa samu ba, su kuma suka biya da harbin mutanen da suke jin harshensu. Lambar da ke ƙirjinsu shaida ce a kan abu biyun duka.

Daga 1912 al'amarin ya sauya kama, domin Faransa ta fara ɗaukar soja na dole a yammacin Afirka. Wani hafsa, Charles Mangin, ya riga ya wallafa littafinsa La Force noire a 1910, yana cewa Afirka rumbun mayaƙa ce da za ta cike wa Faransa giɓin haihuwa a gaban Jamus. Da yaƙi ya ɓarke a 1914, sai aka buɗe rumbun. Kumandan ya yanka wa kowane sarki adadi, sarki ya yanka wa masu gari, masu gari kuma su duba gidan da ba shi da mai tsaya masa. Ɗan sarauta da ɗan attajiri ba kasafai ake kai su ba. Nijar, wadda a lokacin yankin mulkin soja ce mai hedkwata a Damagaram, ba ta ba da yawan mutanen da ƙasar Bambara da ta Mosi suka bayar ba, kuma ɗaya daga cikin dalilan yana nan kusa da mu. Iyakar da aka shata tsakanin 1906 da 1908 ba ta wuce yinin mai ƙafa daga Jiratawa ba. Da an ji ƙishin-ƙishin masu ɗaukar soja, samari sai su kwana a ƙasar Katsina wajen dangi, wani lokaci ƙauye guda ya tashi. Faransawa sun san in suka matsa, ba soja kaɗai za su rasa ba, har da masu biyan haraji. Wasu daga cikin masu ƙetarawar kuma, da zama ya yi tsawo, sai su shiga sojan Ingila da ƙafarsu, inda ake biya kuma ba a kamu da igiya ba.

Waɗanda aka tafi da su sun ga abin da baki ba ya iya faɗa. An kai sojojin Afirka ta Yamma Dardanelles a 1915, da Somme a 1916, suna cikin waɗanda suka ƙwato ganuwar Douaumont a Verdun ranar 24 ga Oktoba 1916. Ranar 16 ga Afrilu 1917 aka tura su Chemin des Dames cikin ruwan ƙanƙara, yatsunsu sun sandare har ba sa iya ɗana bindiga, dubbai suka faɗi cikin 'yan kwanaki. Kusan mutum 30,000 daga cikinsu ba su dawo daga wannan yaƙi ba. A nan gida ma wuta na ci: daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917 jagoran Abzinawa Kawusan ya tsare Agadas, har sai da Ingilishi suka aiko da sojoji daga Najeriya su dafa wa Faransa a kudancin yankin.

A wannan yaƙi ne aka ƙirƙiro Croix de guerre, a watan Afrilu 1915, gicciyen tagulla mai takubba biyu da ƙyalle kore mai ratsin ja. Ita ba ta halarta ba ce kawai, sai an ambaci sunan soja cikin umarnin runduna saboda wani abin da ya yi, kuma kowace ambato tana ƙara tauraro ko ganyen dabino a kan ƙyallen. Sama da ita akwai Médaille militaire, ta 1852, mai ƙyalle rawaya da koren gefe, wadda ake ba ƙananan sojoji da sajan-sajan. A 1918, lokacin da aka turo Blaise Diagne, ɗan majalisar Faransa daga Sanigal, ya zagaya neman sababbin sojoji, alkawuran da ya zo da su sun rataya a kan waɗannan lambobi: sassaucin haraji, fita daga dokar indigénat da ke ba kumandan ikon ɗaure mutum ba shari'a, da damar neman zama ɗan ƙasar Faransa ga wanda ya samu lambar jarumta. Ya tara kimanin mutum 63,000 a yammacin Afirka. Kaɗan ne ƙwarai suka ga cikar alkawarin zama 'yan ƙasa.

Duk da haka kada a ce lambar ba ta yi wa mai ita komai ba. A garin da gardi ke iya tsinka wa dattijo mari a gaban iyalinsa, tsohon soja mai lamba a ƙirji mutum ne da ake shakkar taɓawa. Shi ake ɗauka gardi ko masinjan ofis ko tafinta, don ya iya Faransancin bariki. Ranar 14 ga Yuli da ranar 11 ga Nuwamba, ranakun bukukuwan Faransa, ya fito da tsohon kakinsa da jar dara, ya tsaya a sahun gaba. Talakawa kuwa suna kallonsa da ido biyu, ana girmama shi don ya je inda ba a je ba, ana kuma tsoronsa don sau da yawa shi ne bulalar Nasara. Daga 1919 aka mai da ɗaukar soja abin kowace shekara, aikin shekara 3, likita ya duba, a jefa ƙuri'a, wanda bai faɗa kaki ba yana iya faɗawa aikin dole.

Akwai wani mutum da ƙirjinsa kaɗai ya isa littafi, Chari Maigumeri, ɗan ƙasar Barno. Ya fara soja a rundunar Jamus a Kamaru, kuma an ruwaito cewa Jamusawa sun ba shi Iron Cross saboda faɗan Garwa. Ingilishi suka kama shi a 1915, a 1917 ya shiga rundunar Najeriya, ya yi yaƙi a gabashin Afirka da tsofaffin iyayen gidansa. A yaƙin duniya na biyu ya samu Military Medal a yaƙin Habasha, ya je Bama, ya yi ritaya a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa. Barikin soja na Lakwaja yana ɗauke da sunansa. Shi an san shi ne domin ya kai samanja kuma hafsoshi sun rubuta labarinsa. Irinsa da suka tsaya a farabiti ba su da iyaka.

Yaƙin Hitila ya raba Maraɗi da Katsina fiye da kowane lokaci. A watan Mayu da Yuni 1940 kimanin sojojin baƙar fata 40,000 ne suke fagen daga a Faransa. Da rundunar ta karye, Jamusawa suka riƙa ware baƙaƙe daga farare suna harbewa. A Chasselay kusa da Lyon, ranakun 19 da 20 ga Yuni, an yi wa mutanen runduna ta 25 haka bayan sun miƙa wuya, kuma maƙabartar jar ƙasa da aka gina musu a can tana ɗauke da kaburburan tirailleurs 188, da yawa babu suna. Waɗanda aka bari da rai aka tsare su a sansanoni cikin Faransa shekara huɗu. Nijar ta zauna ƙarƙashin gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus har Nuwamba 1942, aka rufe iyaka da Najeriya, fatauci ya koma na dare. A daidai lokacin 'yan uwansu na kudu suna cikin rundunar Ingila da ta shiga Mogadishu a Fabrairu 1941 ta wuce Habasha, daga baya kuma runduna ta 81 da ta 82 suka tafi Bama, suka yi faɗa da Japanawa a kwarin Kaladan, suka ci Myohaung a Janairu 1945. Sunayen barikoki irin su Dalet a Kaduna da Chindit a Zariya da Dodan a Legas daga can aka kawo su. Amma a wannan karon Ingila ma ta daina buga suna: Africa Star da Burma Star da aka raba wa 'yan Bama, bayansu fili ne fetal.

A ɓangaren Faransa, sojojin Afirka sun sauka gaɓar Provence daga 15 ga Agusta 1944, suka taimaka aka ƙwato Toulon. Kafin sanyi ya shiga aka janye su daga fagen daga, aka karɓe kayan yaƙinsu aka ba samarin Faransa, saboda haka ba su shiga Jamus tare da masu nasara ba. Ranar 1 ga Disamba 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, tsofaffin fursunonin yaƙi da suka nemi a biya su bashin albashinsu aka buɗe musu wuta. Rahoton soja ya ce mutum 35, wani rahoton ya ce 70, masana tarihi da dama suna cewa ɗaruruwa. Sai a Nuwamba 2024 shugaban Faransa ya amsa a rubuce cewa kisan kiyashi ne.

Waɗanda suka dawo Maraɗi a 1945 da bayanta sun tarar da wani gari dabam, domin a wannan shekara ce ambaliyar Gulbi ta cinye tsohon garin da ke cikin kwari, aka tashi aka koma tudu. A 1946 aka soke aikin dole da dokar indigénat, kuma mazan jiya na cikin rukunonin farko da aka ba damar jefa ƙuri'a. Sai dai Faransa ba ta gama da samarin ƙasar nan ba. Ta kai su Madagaska a 1947, da Indochine har faɗuwar Dien Bien Phu ranar 7 ga Mayu 1954, da Aljeriya daga 1954 zuwa 1962, wato su je su murƙushe mutanen da ke neman abin da mu ma muke nema. Croix de guerre ta yaƙe-yaƙen waje mai ƙyalle shuɗi da jan gefe, da Croix de la valeur militaire ta 1956, na wannan zamani ne, kuma su ne aka fi samu yau a gidajenmu. Seyni Kountché ya bi wannan hanya, ya shiga sojan Faransa a 1949, ya yi Indochine da Aljeriya kafin ya dawo cikin rundunar Nijar da aka kafa a 1961, har ya karɓi mulki a 1974. Oumarou Ganda ma ya je Indochine yana matashi, ya dawo bai samu aiki ba, ya tafi dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan. Fim ɗinsa Cabascabo labarin tsohon soja ne da ya dawo da kuɗi, abokai suka taya shi cinyewa, suka watse suka bar shi. Duk wanda ya tashi a unguwar da ke da mazan jiya ya san ba ƙage ba ne.

A nan ne maganar takarda take da nauyi. A tsarin Faransa, haƙƙin sanya lamba yana cikin rubutun da aka yi a fayil ɗin soja, ƙarfen kuwa ana iya sayensa a shago, tun daga na Monnaie de Paris har na 'yan kasuwa irin su Arthus-Bertrand. Saboda haka gidan da ya gaji lambobi a cikin adaka, abin da ya fi daraja a wajensa shi ne littafin soja mai lambar rajista da shekarar ɗauka da sunan runduna, da katin mazan jiya, da takardar ambato in akwai, da hoto. Gara da ɗigon damina sun ci da yawa. Wanda ya rage masa ko da lambar rajista ce kaɗai yana iya rubutawa ma'ajiyar fayilolin sojoji da ke birnin Pau, inda aka tara na tsofaffin sojojin Afirka. Katunan waɗanda suka mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918 kuma ma'aikatar tsaron Faransa ta sa su a intanet ƙarƙashin sunan Mémoire des hommes. Mai nema ya tuna cewa magatakarda da kunnen Bafaranshe ya rubuta sunan, kuma kafin 1927 Maraɗi ba ita ce mazaunin babban kumandan ba, don haka yana iya samun kakansa an jingina shi ga Tasawa ko wani gari. Idan dillalin tsofaffin kaya ya zo ya sayi ƙarfen ya bar takardar, ko ya kwashi takardar da hoton ya kai Turai inda suke ninka farashi, to an raba mutum da aikinsa ke nan, kuma da wuya su sake haɗuwa. Ban ga laifin magajin da talauci ya sa ya sayar ba. Abin da ke damuna shi ne a sayar ba a ko kwafi abin da ke rubuce ba.

Matsalar suna ba ta tsaya ga lambobi ba. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin duniya na farko, akasari 'yan Afirka, ba a rubuta sunansu a kan kabari ko allon tunawa ba, alhali an yi wa Turawa.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi ci wa mazan jiya rai. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 kan ci gaba da zama tare da Faransa, lokacin da Djibo Bakary da jam'iyyarsa ta Sawaba suka ce a'a, tsohon soja yana da dalilin fargaba da sauran jama'a ba su da shi, wato fanshonsa da ke fitowa daga Faris. Nijar ta ce e. Ranar 26 ga Disamba 1959 majalisar Faransa ta zartar da dokar da ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da ke samun 'yanci a kan adadin da yake a lokacin. Na Bafaranshe ya ci gaba da hawa tare da tsadar rayuwa, na ɗan Afirka ya tsaya cik, har ya zamana mutum biyu da suka kwana rami ɗaya, suka samu lamba iri ɗaya, ɗaya yana karɓar ninkin na ɗaya sau da yawa. A 1989 kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba Ibrahima Gueye da 'yan uwansa tsofaffin sojojin Sanigal 742 gaskiya, Faransa ta yi kunnen uwar shegu. A 1998 aka yanke shawarar ba duk wanda ya rage daga yaƙin farko Légion d'honneur. Abdoulaye Ndiaye na ƙauyen Thiowor a Sanigal, na ƙarshe cikin tirailleurs na wancan yaƙi, ya rasu ranar 10 ga Nuwamba yana da shekara 104, ana gobe za a rataya masa.

Ranar 30 ga Nuwamba 2001 babbar kotun gudanarwa ta Faransa ta yanke cewa an nuna wa tsohon sajan Amadou Diop bambanci, amma shi ma ya riga ya rasu. A 2002 aka yi ɗan ƙari bisa lissafin tsadar rayuwar kowace ƙasa. A 2006, bayan fitowar fim ɗin Indigènes, Shugaba Chirac ya sa aka daidaita kuɗin katin mazan jiya da na nakasa daga 2007. Sai da kotun tsarin mulki ta sa baki ranar 28 ga Mayu 2010 kafin a daidaita sauran, daga 1 ga Janairu 2011, ba tare da biyan bashin shekaru 50 da suka wuce ba, kuma da sharaɗin mutum ko matar da ya bari su rubuta su nema, da takardunsu a cike. Saurayin da ya sauka Provence yana ɗan shekara 20, a ranar da dokar ta fara aiki ya haura 86.